Yaran kwaleji sun daina karatun Littafi Mai Tsarki a gida: amsa ga wata malama a Tawa

Wata malamar kateshizim, wato koyar da yara addini a cocin Katolika, daga Tawa ta rubuto mini, ga abin da ta ce a taƙaice: "Baba, ni ce ke koyar da yaranmu 'yan kwaleji a coci kowace Asabar da la'asar, su 16, daga 'yan ajin farko har masu shirin BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji. Bayan Kirsimeti na roƙe su, ba tare da tilas ba, kowa ya riƙa karanta babi ɗaya na Littafi Mai Tsarki kullum a gida, a fara daga Farawa, littafi na farko a cikinsa. Na raba musu takardar tambayoyi, na ce wanda ya fi cika ta zai samu kaye da biro. Makon farko kusan duka sun yi. Yanzu wata guda ya wuce, 'yan mata biyu kawai suka rage, har na kama wani yaro yana kwafar amsoshin ɗayarsu a ƙofar coci. Raina ya ɓaci. Ina tunanin in roƙi Fada, limamin cocinmu, ya ce wanda bai yi karatun ba ba za a ba shi Tabbatarwa ba, ko kuwa in kai ƙararsu wurin iyayensu. Me ka gani?"

Malama, ɗiyata, Allah ya saka miki da alheri, domin wadda ke ba da la'asar ɗinta ta Asabar kyauta saboda 'ya'yan wasu, har ranta ya ɓaci don sun daina karatu, ta cancanci a fara gode mata kafin a ba ta shawara. Amsata ga abubuwa biyun da kike tunani ita ce kada ki yi ko ɗaya daga cikinsu. Da bakinki kika gaya wa yaran nan cewa babu tilas, kuma yaro mai shekara 12 ko 14 yana iya manta darasi goma, amma ba ya manta ranar da babba ya sauya magana a kansa. Tabbatarwa kuwa sakramenti ce, kyautar Ruhu Mai Tsarki, tana da nata shirin da ƙa'idojinta waɗanda Fada da bishop na diyosis ɗin Maradi, inda Tawa take, ke lura da su, bai kamata ta zama sandar koro yara zuwa wani karatu da kika ƙara musu don alheri ba. Idan kika ɗaura karatun a wuyan sakramenti, na tabbata Asabar mai zuwa za ki karɓi takardu 16 a cike, kuma abin da kika kama yaro ɗaya yana yi a ƙofar coci sai ya zama sana'ar ajin duka.

Bari mu duba kayan da kika aza musu. Littafi Mai Tsarki na Katolika littattafai 73 ne, 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari, babobinsa sun haura 1,300, wato mai karanta babi ɗaya kullum ba tare da fashi ba zai shafe fiye da shekara uku da rabi kafin ya kai ƙarshe. Yaro ba ya hango shekara uku da rabi. Ya fara da murna domin labarin halitta da na Adamu da na Kayinu suna jan hankali, sai a rana ta biyar ya faɗa cikin jerin sunaye da shekarun kakanni, a rana ta goma ya sake cin karo da wani jerin, a rana ta goma sha tara kuma ya iske labarin Lutu da 'ya'yansa mata, shi kaɗai a ɗaki, babu wanda zai tambaya, ga kunya ta hana shi kai maganar wurin uwarsa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yawancinsu sun ajiye littafin kafin su isa babi na 37, inda labarin Yusufu yake farawa, labarin da ban taɓa ganin yaron da ya ji farkonsa bai nemi ƙarshensa ba. Ikilisiya da kanta ba ta ciyar da mu ta wannan hanya. A Misa, babbar ibadarmu ta Lahadi, tana gutsura mana kaɗan-kaɗan cikin zagayen shekara uku, shekarar Matiyu, shekarar Markus, shekarar Luka, tana saƙa Yahaya a tsakani, kuma kowane karatu yana zuwa da wanda zai yi bayaninsa.

Takardar tambayoyin ma ta yi ɓarna, ko da yake da kyakkyawar niyya kika rubuta ta. Yaran nan daga Litinin zuwa Juma'a suna gaban mushe, wato malamin makaranta, suna cika kaye, ana ja musu jan biro, sai ga shi Maganar Allah ma ta zo musu da irin tufafin aikin lakwal. Kyautar kaye da biro kuwa mutum ɗaya zai ci, kuma tun mako na biyu duk ajin ya san ko wace ce, sauran 15 sai su ga babu dalilin wahala. Ni ma na taɓa yin abin da ya fi wannan muni lokacin da nake sabon malami: na karanta sunayen waɗanda ba su yi karatu ba a gaban 'yan'uwansu, ina zaton kunya za ta zaburar da su. Akwai yaro ɗaya a cikinsu, mai shiru, wanda bai sake zuwa ajin ba, daga baya na gano cewa babu littafin a gidan da yake zaune, kuma girman kai irin na samartaka ya hana shi faɗa. Har yau idan na tuna shi ina roƙa masa alheri, ina neman gafara.

Ga abin da na fi so ki riƙe daga wannan amsa. Yaro a wannan shekaru yana karatu da son ransa ne idan ya san akwai wani mutum takamaimai da ke jiran ya ji abin da ya gano. Kin aike su gida da littafi, amma babu kunnen da ke jiransu, sai takarda. Ki dubi maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke ganin 'ya'yansu safe da maraice da alluna: yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, ya san akwai mai saurarensa, ga kuma abokai a gefensa suna yin abin da yake yi. Littafinmu ma haka ya nuna mana. A Ayyukan Manzanni babi na 8, babban ma'aikacin sarauniyar Habasha, mutum mai ilimi da muƙami, yana zaune cikin karusarsa yana karanta annabi Ishaya, da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, sai ya ce ina zai fahimta in ba wani ya bi da shi ba, ya roƙe shi ya hau ya zauna kusa da shi. Idan mai riƙe da baitulmalin sarauniya ya buƙaci abokin zama, me za a ce da ɗan ajin farko na kwaleji? Ubangijinmu kansa, yana da shekara 12, daidai sa'ar yaranki, an same shi a Haikali zaune a tsakiyar malamai yana sauraro yana yi musu tambayoyi, kamar yadda Luka ya ba da labari a babi na 2.

Saboda haka aikinki na farko shi ne ki samo wa kowane yaro mai sauraro a gidansu. A yawancin gidajenmu akwai kaka ko inna ko gwaggo da ba ta yi lakwal ba, wadda ba ta jin Maganar Allah sai ranar Lahadi, wani lokacin ma da Faransancin da ba ta kama duka. Ki ce wa yaron ya karanta ɗan guntun labari da Faransanci, ko da Hausa idan ya iya, sannan ya rufe littafin ya ba wa tsohuwar labarin da harshen gida, Hausa ne, Zabarmanci ne, Gurmanci ne ko harshen iyayensa da suka zo daga Benin ko Togo ko Burkina. Wannan ya fi kowace takardar tambayoyi gwada fahimta, domin yaro yana iya furta Faransanci tiryan-tiryan bai gane komai ba, amma ba ya iya mayar da labari cikin Hausa sai ya shiga kansa. Kuma yana ba shi abin da yaran wannan shekaru ke ƙishirwarsa fiye da alewa, wato a buƙace su, a ba su girma. Yaron da kakarsa ta ce masa, "Yau ba za ka ƙarasa mini labarin nan ba?" ya samu dalilin buɗe littafi wanda ke ba za ki iya ba shi daga coci ba. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a zuciyar kakarsa da mahaifiyarsa, a gidajenmu kuwa sau da yawa jika ne mai idon karatu, kaka ce mai zurfin bangaskiya, sai kowa ya ba ɗan'uwansa abin da yake da shi. Inda babu tsohuwa, ƙane ɗan firamare ma mai sauraro ne, ko kuma ki haɗa yara biyu 'yan unguwa ɗaya su riƙa ba juna labari a hanyar lakwal.

Wannan ba zai yiwu ba sai kin taka zuwa gidajen, tunda zumunta a ƙafa take. Ki je wurin iyaye da roƙo, kada ki je da ƙara, ki ce kina neman su ara wa ɗansu kunne na minti goma sau uku a mako. A nan ne za ki ga abubuwan da yaran ba za su taɓa gaya miki a aji ba. Za ki iske gidan da babu Littafi Mai Tsarki ko ɗaya, ko akwai amma yana kulle cikin akwatin maigida don kada yara su yaga. Za ki iske yarinyar da daga dawowarta lakwal sai ɗiban ruwa da wanke-wanke da goyon ƙane, ba ta zauna ba sai dare ya yi, ga wuta an ɗauke, fitila ɗaya kuma yayanta mai jarrabawa ya riƙe. Za ki iske yaron da aka turo daga ƙauye yana zaune hannun mai riƙo, ba shi da kusurwar da zai kira tasa. Akwai kuma gidan da uba ko mai riƙon Musulmi ne, wanda ya yarda yaro ya je coci amma bai saba ganin ana karatun a tsakar gidansa ba. Irin wannan gida ki shige shi da ladabi, kada ki jefa yaro tsakanin malama da uba, ki nema masa wuri a gidan wani abokinsa ko a harabar coci. Inda littafi ne babu, ba sai kowa ya mallaki cikakke ba tukuna. Shafi ɗaya da aka yi wa fotokofi, ko aka kwafa da hannu cikin kaye, ya isa mako guda, sannan ki yi magana da Fada da ƙungiyar Kiristocin unguwa a ga yadda za a sayi 'yan kwafi a riƙa ba da aro.

Abin karantawa kuwa, ki fara da Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta, babi 16, labari na bin labari da sauri, kuma idan kuka ɗauki babi biyu a mako, kuna zaɓen guntaye daga ciki, za ku gama cikin mako takwas. Idan kin daidaita lissafin da kyau, babi na 14 da na 15 za su faɗo a Mako Mai Tsarki, wato makon da ke kai wa ga Ista, yaran su shiga coci ranar Juma'a Mai Kyau suna jin labarin da suka riga suka ba kakanninsu. Yaro yana son ya ce ya gama littafi guda sukutum, wannan daɗin kada ki raina shi. Bayan Markus ki bi labaran da tsararsu ke ciki, ki kuma gaya musu tun farko cewa tsararsu ne: Sama'ila da aka kira cikin dare ya yi zaton Eli ne, Dawuda autan gida mai kiwon tumaki, yarinyar nan baiwa da ta nuna wa Na'aman inda zai warke, Daniyel da abokansa a makarantar sarkin Babila inda suke 'yan tsiraru masu addini dabam, yaron da ya zo da gurasar sha'ir biyar da kifi biyu a Yahaya babi na 6. Rut da Yunusa babi huɗu-huɗu ne kawai. Ina kuma so ki ba su Tobit, babi 14, labarin saurayin da ubansa makaho ya aika tafiya mai nisa karɓo kuɗi, mala'ika Rafayel ya raka shi a ɓoye, karensa na biye, ga katon kifi a bakin kogi, ga aure a hanya. Sai dai ki duba bugun da ke hannun yaran, domin Tobit yana cikin littattafai bakwai da ba a samu a yawancin bugun 'yan'uwanmu Furotesta, tare da Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabi na ɗaya da na biyu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma ba kowane bugun Hausa ko na Faransanci ke ɗauke da waɗannan bakwai ɗin ba, kuma bugu mai ɗan bayani a ƙasan shafi ya fi dacewa da wanda zai yi karatu a gida.

Kada ki ce kullum. Ki ce sau uku a mako, aya goma zuwa goma sha biyar, ki bar yaro ya zaɓi ranakunsa, domin wanda ya yi alkawarin kullum ya fasa kwana biyu sai ya ɗauka ya riga ya faɗi, ya watsar gaba ɗaya. Lokaci kuma a rataye shi jikin abin da ba ya kuskure. A Tawa babu gidan da ba ya jin kiran sallar magariba, kuma ba shi da nisa da lokacin addu'armu ta Mala'ikan Ubangiji ta ƙarfe shida na yamma. Yara na shigowa gida, rana ta yi sanyi, da sauran ɗan haske kafin ya gushe. Yadda za su yi karatun ma mai sauƙi ne: ya yi alamar gicciye, ya karanta sau biyu, na biyun da murya, ya zaɓi kalma ko jimla ɗaya da ta tsaya masa a rai, ya faɗa wa Allah magana ɗaya a kanta da bakinsa, sannan ya je ya ba da labarin. Wannan ƙaramar siffa ce ta tsohuwar hanyar karatu cikin addu'a da sufayen Ikilisiya suka bi ɗaruruwan shekaru, wadda Paparoma Benedikt na 16 ya sake ƙarfafa ta a wasiƙarsa ta 2010 a kan Maganar Allah. Matakin addu'ar nan kada a tsallake shi, ko da jimla ɗaya ce, domin majalisar Batikan ta biyu, babban taron bishop-bishop na Ikilisiyar Katolika, ta ce a 1965 addu'a ta riƙa rakiyar karatun Littafi Mai Tsarki don ya zama zance tsakanin Allah da mutum.

Ranar Asabar sai ki juya tsarin: maimakon ki yi musu tambaya, su ne za su zo miki da tambaya. Ki ware rubu'in awa na farko, ku zauna a da'ira, ki tambaye su me ya ba su mamaki, me kaka ta ce da ta ji, wane wuri ne ba su gane ba ko ya yi musu nauyi. Ki ajiye gwangwani a bakin ƙofa inda mai jin kunya zai jefa tambayarsa a rubuce ba suna. Wanda bai yi karatu ba ya zauna ya saurara, kada a tambaye shi dalili, domin jin abokansa suna gardama a kan labarin da shi bai sani ba zai yi masa abin da faɗanki ba zai yi ba. Lokaci-lokaci ki jefa musu ɗan farauta, ki ce akwai wani saurayi a ƙarshen Markus da aka kama mayafinsa ya bar shi ya gudu tsirara, wa zai samo mini shi, ko kuma wane ne barci ya kwashe a bakin taga Bulus na wa'azi har ya faɗo daga bene. Ki kuma shirya wa tambayoyi masu nauyi, domin yaranki 'yan tsiraru ne a ajinsu, kuma kusan kowannensu an taɓa tambayarsa me ya sa Kirista ke cewa Allah yana da Ɗa, ko an ce masa an sauya littafinsu. Wannan ƙaya ce da suke yawo da ita a zuci, kuma ita ce ƙofa mafi faɗi zuwa karatu, domin yaron da ya ga littafin yana amsa abin da ke damunsa ranar Talata a filin lakwal zai koma gare shi da kansa. Kada ki mai da su 'yan jayayya. Manzo Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da girmamawa, kuma zai taimaka su san cewa abokansu ma sun san Yusufu da Yunusa da Maryamu a nasu littafin, ana iya hira a kansu cikin mutunci. Idan suka yi tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce za ki tambayo Fada, ki kuma dawo da amsar Asabar ta gaba ba fashi, ko ki gayyato shi ya zauna da su.

Game da waya, tana da amfani: akwai manhajar AELF mai kawo karatun Misa na kowace rana da Faransanci kyauta, akwai kuma Littafi Mai Tsarki na sauraro da Hausa wanda ake iya sa wa a katin waya don gidan da karatu ke wuya. Amma duk saƙon WhatsApp da za ki aika, ki aika ta wayar iyaye ko mai riƙo, kada ki buɗe hira ta keɓe tsakaninki da yaro, saboda kariyarsu da taki.

Masu shirin BEPC ki sassauta musu daga watan Afrilu, Zabura ɗaya gajera a mako ta ishe su, kamar ta 23 ko ta 121, su san cewa ajinki wurin hutawar zuciya ne a lokacin da kowa ke matsa musu. Kada kuma ki sa ran 16 ɗin duka za su kama. Idan shida ko bakwai suka riƙe har Ista, kin yi babban aiki, sauran kuma suna ji suna gani. A Markus babi na 4 akwai misalin mutumin da ya watsa iri, ya kwanta ya tashi dare da rana, irin ya tsiro ya girma shi bai san ta yaya ba. Ke da kike zaune a ƙasar albasa kin san ba a tone ta kowace safiya don a ga ko ta yi kai. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, ya haura shekara 30 kafin ranar da ya ji muryar yaro tana cewa ɗauka ka karanta, a shekara ta 386, bayan mahaifiyarsa Monika ta daɗe tana kuka da addu'a dominsa.

'Yan matan nan biyu ki cika musu alkawarin kaye da biro, dukansu biyu, tunda kin faɗa, ki gode musu a keɓe, sannan ki sanar da ajin cewa gasar ta ƙare, kuma ke ce kika ɗauko hanya mai tsawo, yanzu za a sake sabuwa. Yaron da ya kwafa kuwa, ki lura da cewa bai tsaya gida ba, ya zo, kuma ya damu da kada ya shigo gabanki hannu wofi. Ki kira shi gefe, ki gaya masa a taƙaice cewa kwafa ba gaskiya ba ce kuma ba ki buƙatarta daga gare shi, kada ki ƙara a kan haka. Sannan ki ba shi Markus 4:35-41, labarin hadarin da ya taso a teku Yesu na barci a kan matashi a bayan jirgi, ki ce shi ne zai buɗe ajin Asabar mai zuwa da ba da wannan labari da Hausa, littafi a rufe, ki kuma tambaye shi wa yake so ya fara gwada ba wa labarin a gida, da kuma ko akwai littafin a inda yake kwana.